Dona Ondina da Kajin Kumpadrenta

Ni ce mai kiran lamba a bingon ƙungiyarmu, wato wasan sa'a na kati da lambobi, saboda Allah ya hore mini muryar da ba ta neman lasifika. Sunana Jurema, kuma duk unguwar Barreiro an san magana ba ta kwana a cikina. Amma yau ba ni ce a gaba ba. Labarin maƙwabciyata ne, Dona Ondina, wadda katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun muna da sauran baƙin gashi, kuma ita ce ta kafa Ƙungiyar Masu Cefane ta jiharmu ta Minas.

In ka gan ta a tashar bas, sai ka rantse ko yatsa aka sa mata a baki ba za ta ciza ba. Gajeruwa ce mai faɗin ƙugu, kullum da jaka mai ratsi a hannu da laima a hammata, ko da babu alamar hadari. Maganarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso ka karkata kunne. An haife ta a wani ƙauye can kan duwatsun Serro, gidan masu yin cuku. Tana budurwa ta gangaro Belo Horizonte, ta samu aikin dafa wa 'yan firamare abinci, ta yi ta juya tukunyar wake har ta yi ritaya. Ta auri Seu Nestor, ma'aikacin masana'antar ƙarfe, mutumin kirki wanda ban taɓa jin ya jera magana uku ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya rasu, ya bar mata gida da bishiyar gwaiba.

Wadda ta cike mata gurbin haihuwa ita ce Marilda, 'yar Seu Belmiro mai kanti. Ondina ce ta riƙe ta a coci ranar baftisma, tun daga ranar kuwa ita da Belmiro suka zama kumadre da kumpadre, kamar yadda uwar baftisma da uban yarinya suke kiran juna a wurinmu. Ɗan uwanka na jini kana iya yin gaba da shi shekara goma ba wanda zai ɗaga kai, amma kumpadre sai dai mutuwa ta raba. Yarinyar tana aji biyu uwarta ta rasu. Ondina ce ta ɗinka mata rigar makaranta, ita ta yi jinyarta lokacin ƙyanda, ita ta koya mata yanka kuɓewa. Kowace Lahadi bayan coci Belmiro da 'yarsa sai su faɗo ta ƙofar kicin ba ko ƙwanƙwasawa, Marilda ta sumbaci hannunta ta ce, "Sa mini albarka, Dinda," wato uwar baftisma, a zauna a ci kaza da kuɓewa da tuwon masara. Wannan tebur shi ne duk dangin da Ondina take da su a birni.

Ƙungiyar ta samo asali ne a shekarun da kuɗi suka haukace, lokacin da farashin safe daban, na yamma daban, kana tura keken kaya a kanti ma'aikaci yana gabanka yana manna sabon farashi. Ondina ta sayo wake a wani kanti da ke bakin titi, ta zo gida ta tarar rabinsa ƙwari ne. Ta mayar, aka ce mata abin da ya fita ya fita. Washegari sai ga mu, matan layinmu kaf, da kujerunmu da farantanmu, muka zauna a ƙofar kantin muna tsince waken nan a tsanake. Duk wanda zai shiga mu gaishe shi da ladabi, mu nuna masa tarin ƙwari. Kafin rana ta take mai kantin ya fito da sabon buhu a kafaɗa yana haɗa mu da Allah.

Daga nan mutane suka fara yi mata sammako a ƙofa. Wannan dutsen gugarta ya ƙone a sati, wancan takardar kuɗin wuta ta zo masa kamar mai injin niƙa a ɗaka. Kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Muka yi rajista, muka kama hayar ɗaki biyu a saman shagon wani mai gyaran takalmi a tsakiyar gari, muka yi rassa a garuruwan jiha. Har lauya muka samu, Dokta Tadeu, dogo siriri mai gilashi, wanda yake zuwa kyauta sau biyu a mako, ladansa burodin cuku.

Kowa tambayarsa ina muke samun kuɗi, musamman masu son a ce akwai wanda yake juya mu. To ga amsa. Mambobi suna biyan abin da bai wuce kuɗin ƙullin kofi ba a wata, wato waɗanda suka tuna. Wata gidauniyar ƙasar waje ta taɓa tallafa mana shekara biyu, ta tafi ta bar mana injin kwafi mai cin takarda kamar akuya. Kamfanoni kuwa, ƙa'idarmu ita ce ko sisinsu ba ma taɓawa. Wani kamfanin waya ya taɓa aiko mana da mota sabuwa dal, har da kintinkiri a goshinta. Ondina ta zuba wa direban kofi, ta tambaye shi lafiyar iyali, ta ce ya koma da abarsa a hankali don hanya akwai ramuka. Sai da na yi kwanaki ba na yi mata magana, don ni ce mai hawa bas biyu da ciwon gwiwa. Da ta gaji da kumburina sai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Jurema, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Abin da yake biya mana haya shi ne bingon watan Yuni, a filin cocin unguwa. A rataye tutocin takarda, a dafa masara, a hura wuta saboda sanyi, kowa da katinsa da 'yan ƙwayoyin wake na ɗorawa a kan lamba. Akan sa bargo a matsayin kyautar wanda ya ci, akan sa injin markaɗe, amma abin da yake cika fili kaza ce. Bingon da babu kaza ai taron addu'a ne. Kajin kuwa kowace shekara Seu Belmiro ne yake aiko da su, daskararru cikin kwalaye, tun yana da shago ɗaya har Allah ya kai shi ga manyan kantuna uku. Mu da muka kori mota, ko sau ɗaya ba mu ga aibin wannan ba. A idonmu ba kanti ne ya ba ƙungiya ba, kumpadre ne ya yi wa kumadrensa alheri, kuma wa ya taɓa jin an mayar wa kumpadre kyauta?

Ana nan sai maganar kajin ƙanƙara ta taso. Mata suka yi ta zuwa ofis da kuka iri ɗaya: ki sayi kaza mai nauyin jariri, ki ajiye ta narke, ki wayi gari da ɗan tsako yana iyo a kwano. Ruwa muke saye da kuɗin nama. Dokta Tadeu ya zauna da wata 'yar majalisar jiha mai jin maganarmu, suka tsara ƙudurin doka, cewa duk kantin da yake sayar da daskararriyar kaza ya bayyana nauyinta ban da ƙanƙara, ya kuma ajiye sikeli inda mai saye zai iya dubawa da kansa. Aka sa ranar da kwamiti zai saurari jama'a, cikin watan Yuli.

Ondina ba ta bin 'yan majalisa da kwali ko da ihu. Kwando take cikawa da burodin cuku mai zafi, ta rufe da farin ƙyalle, ta bi su ofis-ofis. A ce mata mai girma yana taro. Ta ce ba komai, ta nemi kujera, ta ɗan ɗaga gefen ƙyallen. Ƙamshi ne yake fito da shi. Kafin ya haɗiye na biyu ta riga ta gano garinsu, ta gano ta san wata gwaggonsa, ta tambaye shi wa yake yi wa mahaifiyarsa cefane kuma kaza nawa take narkarwa a mako. Ni in na raka ta aikina in yi shiru, kuma duk ayyukan ƙungiya babu wanda ya fi wannan ba ni wuya.

Bingo ya matso, sai wata rana Dokta Tadeu ya kira mu ɗakin ciki ya tura ƙofa. Ashe ya bi kantunan gari ya sayi kaji, ya narkar da su a kicin ɗin mahaifiyarsa yana aunawa, har tsohuwar ta yi barazanar korarsa daga gida.

Ya ce, "Dona Ondina, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Na kantin Seu Belmiro suna cikin waɗanda suka fi tsiyayar da ruwa."

"Ai ba shi yake daskarar da su ba, ɗana. Sarowa yake yi."

"Na sani. Amma shi masu kantuna suka zaɓa ya je kwamiti ya ce kada a yi dokar. Kuma duk garin nan an san kajin wa Dona Jurema take rabawa a bingo."

Na ce, "Haba Dokta, a bar kaza cikin gashinta mana."

"Da a ce da gashinta aka kawo ta, Dona Jurema, da ba mu shiga wannan ba. In muka cire sunan kantinsa daga jerin da za mu kai kwamiti, a ce an saye mu. In muka sa, muna cin kajinsa muna zaginsa. Ko ta ina lauyansu sai ya damƙe mu. Bana dai sai a ce masa an gode."

Ondina ta daɗe tana kallon injin kwafi. Na san ba kuɗin haya take aunawa ba, teburin Lahadi take aunawa. Can ta gyara laimarta a hammata ta ce, "Ni zan faɗa masa. Ba za a aika masa da takarda kamar baƙo ba."

Ta ce in zo ranar Lahadi in tsaya mata. Aka ci abinci, aka kwashe kwanuka, Ondina ta fara. Mu mutanen Minas ba mu iya cewa a'a kai tsaye ba, ita kuwa ko a cikinmu gwana ce. Ta fara da ruwan sama da ya ɗauke da wuri, ta koma kan tsutsar da ta shiga gwaiba, ta gangaro kan tsadar gas. Belmiro, ƙato mai tumbi da gashin baki, mutum mai son dariya wanda bai taɓa kira na da sunana ba sai Rediyo, ya yi ta kallonta.

"Kumadre, tun ɗazu kike kewaye kamar mai neman ƙofa a duhu. Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, kumpadre. Kawo in ƙara maka kofi."

"Na uku fa ke nan. Rediyo, ke faɗa mini, ke ai ba kya iya riƙe magana."

Na ce, "Yau an ɗauke wuta, Seu Belmiro."

Ondina ta goge tebur inda babu datti. Ta ce, "Kumpadre, kajin bana nake cewa, kada ka wahalar da kanka."

"Wace wahala? Na riga na sa an ware su."

"Na ce ko a bar su dai haka nan. Saboda maganar nan ta majalisa."

Marilda, wadda a lokacin ta zama malamar makaranta, ta sunkuyar da kai.

"Kyautata kike mayar mini, Ondina?"

Tunda nake ban taɓa jin ya kira ta da sunanta tsurarsa ba.

"Ba kai nake mayar wa ba, kumpadre. Kantin ne."

"Kantin wa? Ni daban kanti daban? Da kantin nan na biya wa yarinyar da kika riƙe a coci kuɗin karatu. Shekara nawa kuna cin kajin nan ba su tsaya muku a wuya ba, sai yau suka zama cin hanci?"

"Ba wanda ya ce cin hanci."

"Ai ba sai an ce ba."

Ya ajiye kofinsa da rabi a ciki, ya ɗauki hularsa. Duk wanda ya san mu ya san abin da rabin kofi yake nufi: baƙo ya tashi da fushi. Marilda ta sumbaci hannun Ondina da sauri, ta ce "Albarka, Dinda," ta bi ubanta. Na ji haushin Tadeu, na ji haushin kaji da wanda ya fara sa su a firji, amma tausayin Ondina ya fi komai cika mini ciki. Ita kuwa sai ta ɗauki kofin ta wanke, ta kife.

Bingo dai ba ya jiran mai baƙin ciki. Ondina ta aika wa rassa da matan bayan gari cewa duk mai kaza a bayan gida ta taimaka. Ba mu yi tunanin fayyace cewa a yanko ta ba, su kuma matan ƙauye a wurinsu kazar kyauta da ranta ake kai ta, don a ga lafiyarta. Ranar bingo sai ga kaji suna sauka daga bas, wasu a kwando, wasu a kwali mai huji, wata ma a rigar matashin kai. Muka ɗaure su da ƙafa a jikin shingen coci.

Ban taɓa kiran lamba irin ta wannan ranar ba. In na ɗaga murya, wani jan zakara daga Sabará sai ya ɗaga tasa, kamar an ɗauko shi haya ya yi gasa da ni. Wanda ya fara ci wani ma'aikacin banki ne mai zama a can saman bene, aka miƙa masa kaza ya riƙe ta nesa da jikinsa yana tambaya, "To yanzu in yi yaya da ita?" Wata tsohuwa ta ce, "Ka buɗe mata asusu, ɗana." Wata kaza ta kwance ta afka cikin coci, fada, limamin cocin, ya tattare rigarsa ya bi ta, mata suna ihu kada ta hau bagade. Jama'a suka yi dariya har da hawaye, suka yi ta ƙara sayen kati don kawai su ga wanda za a ɗora wa zakaran. Da muka tashi, haya ta kusa cika, mai gyaran takalmi da muke haya a wurinsa ya ce a ba shi kaji biyu masu ƙwai a rufe magana.

Duk wannan hayaniyar, Ondina tana dariya tare da kowa, amma idonta yana kan ƙofar fili. Akwai wani benci kusa da wuta inda Belmiro ya saba zama ya sayi kati cike da hannu, bai taɓa ci ba, yana zargina da ɓoye lambobinsa a rigar mama. Har aka tashi wasu ne a kan bencin.

Ranar kwamiti muka tafi da shirinmu. Dabarar Dokta Tadeu ce: a kai daskararrun kaji daga kantuna daban-daban, har da na Belmiro, a ɗora kowace a kan rariya bisa roba, 'yan majalisa su ga ruwa yana tsiyaya da idonsu. Abin da lauya bai sani ba, kuma mu da muka sani muka manta saboda ɗoki, shi ne kaza ba ta narkewa don ana sauri. Ga sanyin Yuli, ga na'urar sanyaya ɗaki tana busawa. Aka buɗe zama, aka yi jawabai, kaji suna nan kamar duwatsu. Tadeu yana magana yana satar kallonsu. Da ya zo inda ya shirya cewa "ku dubi ruwan da talaka yake saye," robobin nan a bushe suke ƙayau. Ya sa biro ya ɗan zunguri ɗaya, ko za ta tausaya masa. Sai ta zame daga rariya, ta faɗo, ta sulale a kan daɓe tun daga gabanmu har can ɗaya ɓangaren, ta tsaya daidai ƙafar Seu Belmiro.

Zauren ya fashe da dariya, har shugaban kwamiti sai da ya cire gilashi ya goge ido. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Belmiro bai yi dariya ba. Ya sunkuya da ƙyar saboda tumbi, ya ɗauki kazar, ya duba tambarin kantinsa a jikin ledarta, ya tako har teburinmu ya mayar da ita kan rariya. Bai kalli Ondina ba, ita ma ba ta ɗago ba.

Da aka ba shi dama ya yi maganarsa, kuma gaskiya ba duka ce banza ba. Ya ce ƙananan kantuna ba su suke daskarar da kaza ba, yadda aka kawo musu haka suke sayarwa, amma su za a ci tara, su za su sayi sikeli. Yana cikin magana sai na ga lauyansu ya jawo hannun rigarsa yana yi masa raɗa, yana nuna mu da haɓa. Na san maganar kajin bingo ce, na duk shekarun baya. Belmiro ya saurara, ya zare hannun rigarsa, ya ce ya gama, ya zauna. Na waiga na ga Ondina ta damƙe mariƙin laimarta da hannu biyu.

Aka tafi cin abincin rana, wani ya kashe na'urar sanyi, kowa ya manta da kaji. Zaman yamma ya ja, sai can ana shirin tashi aka lura robobi sun fara taruwa da ruwa, ɗaya har ta yi ambaliya ta gangara ƙarƙashin tebur. Wani ɗan jarida da ya makara ya ɗauki hoto, washegari ga kajinmu a jarida. Bayan 'yan makonni kwamiti ya amince, bayan an gyara ƙudurin yadda alhakin zai hau kan masu daskararwa, kuma Ondina ce da kanta ta ce wa Tadeu a yarda da gyaran. Ƙudurin yana nan har yau yana tafiyar hawainiya daga wannan tebur zuwa wancan, ita kuma tana nan tana binsa da kwandonta.

Amma Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ƙofar kicin ba wanda ya turo. Ondina ba ta rage yawan girki ba, hannunta ya riga ya saba. Ni ce nake cinye na mutum uku, har siket ɗina suka fara ƙorafi. Marilda takan zo a tsakiyar mako a tsaitsaye, ta karɓi albarka, ta ce Baba yana lafiya, ta koma. Na ce wa Ondina ta je ta same shi, ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ta ce ba ta yi laifi ba, in ta je kamar ta ce ta yi ne. Na tare Belmiro a ƙofar kantinsa na faɗa masa duk abin da ke bakina, ya tsaya yana kallona kamar da wani nake, ya juya ya shige. Na dawo ina huci, na ce da tsofaffi biyu masu taurin kai gara a haɗa ni da alfadari. Ondina ta rame, dariyarta ta ragu, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Wata Alhamis da damina ta kankama, ofis ya cika da masu ƙorafi, laimomi suna ɗiga a kan matakala. Ina raba kofi a layi sai na hango mutum a ƙarshen benci, hula a kan gwiwa, ɗan ƙaramin akwati a hannu. Saura kaɗan in saki butar. Marilda ce a tsaye a bayansa, ta jawo ni gefe. Ashe kunnen ubanta ne ya daɗe yana toshewa, yana ɓoyewa don kunya, har ya kai ba ya jin komai sai an yi ihu. Ya sayi na'urar ji mai ɗan karen tsada, ta yi wata ɗaya ta mutu, kamfanin kuma ya yi ta yi masa yawo da hankali. Ta ce, "Na ce masa wuri ɗaya ne a jihar nan za a ƙwato masa haƙƙinsa. Sati biyu muna faɗa kafin ya yarda ya hau matakalar nan." Sai a lokacin na gane ranar da na tare shi a ƙofar kanti, duk masifar da na zazzaga a iska ta tafi.

Na ruga ciki na raɗa wa Ondina. Ta leƙa, ta koma ta zauna, ta ce, "A bi layi." Haka kuwa aka yi. Mai manyan kantuna uku ya zauna yana matsawa a kan benci bayan wata mai kukan tukunyar gas da wani mai katifar da ta lotsa, har aka zo kansa. Ya zauna gabanta ya ajiye akwatin a tebur. Ofishinmu ba wani sirri, allon katako ne ya raba ɗaki da layi, ƙofar ma ba ta rufuwa in damina ta yi.

Ondina ta ce da muryarta ta kullum, "Barka da zuwa, kumpadre. Ya ruwa?"

Ya kalli bakinta, ya girgiza kai, ya nuna kunnensa.

Ta ɗan ɗaga murya. Ta fara kewayenta, ruwan bana, hanya, ciwon gwiwa. Bai ji ko ɗaya ba. Ta waigo ta kalle ni kamar mai neman aro, na ce, "A'a, Ondina. Lamba nake kira, wannan kuwa taki ce."

Ta ajiye laimarta a ƙasa. Ta miƙe, ta dafa tebur da hannu biyu, ta sunkuya daidai kunnensa. Matar da shekara arba'in ban taɓa jin muryarta ta haura katanga ba, ta buɗe baki ta kwarara ihu har mai gyaran takalmi a ƙasa ya tsayar da gudumarsa.

"Sai ka zama mamba kafin a duba maganarka! Ka biya kamar kowa!"

Belmiro ya gyaɗa kai, ya fara laluben aljihu. Kowa a layi ya miƙa wuya. Na zaci ta gama. Sai na ga ta sake jan numfashi.

"Kuma na yi kewarka, tsohon banza mai taurin kai! Gidan ba daɗi!"

Hannunsa ya tsaya a aljihu. Ya kalli akwatin da ke kan tebur, gashin bakinsa yana motsi. Sannan ya ɗago, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Wannan kam na ji, kumadre."

Marilda ta rufe fuska da gyalenta tana kuka tana dariya. Mai katifa ya fara tafi, sauran suka kama. Ni kuwa na tsaya da buta a hannu, hawaye yana zuba, na buɗe baki in ce wani abu na rasa abin faɗa.